Fabar, Malamin Ƙwari

Ku yara, in kun taɓa ɗebo wake daga rumbu bayan ya yi wata huɗu ko biyar a ajiye, lalle kun ga waɗansu ƙwayoyi da 'yan ƙofofi kewayayyu, sai ka ce an huda su da basilla. Kowa ya sani ƙwaro ne ya yi wannan ɓarna. Amma ba kowa ne ya kan zauna ya tambayi kansa ta ina ƙwaron ya shiga ba, ko kuwa abin da ya sa ya ci wani wuri ya bar wani. To, a ƙasar Faransa an yi wani mutum wanda ya yi fiye da shekara hamsin yana bin irin waɗannan tambayoyi. Sunansa Jean-Henri Fabre, amma a baki a kan ce Fabar. Ga labarinsa.

Ƙuruciyarsa

An haifi Fabar cikin watan Disamba na shekarar 1823, a wani ɗan ƙauye na kan duwatsu wanda a ke kira Saint-Léons, a kudancin Faransa. Iyayensa talakawa ne ƙwarai. Saboda haka tun yana ƙarami aka kai shi wurin kakanninsa, waɗanda su ke noma da kiwo a wata gona can nesa da gari.

Tun a can aka fara ganin halinsa. Wata rana, yana ɗan shekara biyar ko shida, ya tsaya yana duban rana, sai ya so ya sani da me mutum ke ganin haske, da ido ko da baki. Ya rufe ido ya buɗe baki, haske ya ɓace. Ya rufe baki ya buɗe ido, haske ya komo. Da maraice ya gaya wa mutanen gida abin da ya gano, suka yi ta yi masa dariya. Amma ku lura, yaron nan bai jira an gaya masa ba, shi ya gwada da kansa. Haka kuwa ya riƙa yi har ya tsufa.

Da ya kai shekara bakwai aka komo da shi gida aka sa shi makaranta. Makarantar ɗaki ɗaya ce. A nan malam ya ke kwana, a nan a ke dafa abinci, kaji kuma suna shiga suna fita. Malamin shi ne wanzamin ƙauyen, shi ne kuma mai buga ƙararrawa, don haka ba kullum ya ke samun sukunin koyarwa ba. Fabar ya daɗe bai iya karatu ba, sai da ubansa ya sayo masa wata takarda mai hotunan dabbobi, kowace dabba da baƙin da sunanta ya fara da shi. Da ya ke yana son dabbobi, kafin a jima ya san baƙaƙen duka. In an aike shi kiwon agwagi bakin tafki, ya kan komo da aljihu cike da duwatsu da ƙwari, a yi masa faɗa don ya yage riga.

Cikin 1833 ubansa ya kwashe iyalinsa suka koma birni, ya buɗe wurin sayar da abin sha, amma ciniki ya ƙi. Suka yi ta ƙaura daga wannan gari zuwa wancan, har ya zama tilas Fabar ya bar makaranta ya nemi abin da zai ci. Ya yi tallan lemo a kasuwa, ya yi lebura wurin shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa. Duk da haka bai yar da littattafansa ba. Cikin 1840 ya shiga jarrabawar makarantar horon malamai ta birnin Avignon, ya zo na ɗaya, aka ɗauke shi kyauta.

Ya zama malamin makaranta

Cikin 1842 aka ba shi takardar shaida, aka tura shi koyarwa a garin Carpentras. Wata rana ya fita da yaransa bayan gari don su koyi awon fili, sai ya ga suna ta maƙalewa a baya. Da ya bincika, ashe sun sami gidajen wata irin zuma mai gini da laka a jikin duwatsu, suna zuƙe zumar da tsinke. Bai doke su ba. Ya tsuguna ya sa suka nuna masa yadda a ke yi. Bayan wannan ya ɗauki albashinsa na wata guda ya sayi babban littafi mai bayanin ƙwari.

Da dare, in ya gama aikin makaranta, ya kan koya wa kansa lissafi da kimiyya, ba malami, har ya ci manyan jarrabawa. Cikin 1849 aka aike shi koyarwa tsibirin Kosika. Zazzaɓin cizon sauro ya kama shi a can, ya komo Avignon cikin 1853. Cikin 1855 ya buga bayaninsa na farko, a kan wani irin zanzaro mai harbin ƙwaro ya sumar da shi, ba ya kashe shi, don 'ya'yansa su sami ɗanyen nama in sun ƙyanƙyashe. Masana suka yaba, aka ba shi lambar girma.

A zamanin nan yawancin masanan ƙwari kashe su su ke yi, su soke su da allura, su jera cikin akwati, su ba kowane suna. Fabar kuwa so ya ke ya ga ƙwaro da ransa, yana cin abincinsa, yana gina gidansa. Ya kan kwanta rub da ciki a rana tun safe har la'asar yana duban rami guda. Wata rana waɗansu mata masu zuwa gona suka wuce shi da sassafe yana zaune kan dutse, da yamma suka komo suka tarar da shi nan bai motsa ba. Suka ji tausayinsa, suna tsammani taɓaɓɓe ne.

Yana kuma koyar da manya da dare kyauta, har da 'yan mata. Waɗansu mutanen gari ba su ji daɗin a koya wa 'yan mata kimiyya ba, suka yi ta kushe shi. Cikin 1870 masu gidan da ya ke haya suka ce ya tashi, ga shi da mata da 'ya'ya, ba ko anini a ajiye. Wani abokinsa Baturen Ingila, mai suna John Stuart Mill, ya ranta masa kuɗi, ya koma garin Orange. Ya bar aikin gwamnati, ya shiga rubuta wa 'yan makaranta littattafai, da su ya ci da iyalinsa, ya kuma biya bashin nan sarai. Ɗaya daga cikin littattafan duk bayanin ƙwarin da ke ɓata amfanin gona ne.

Cikin 1879, yana da shekara 55, ya sami abin da ya daɗe yana buri. Ya sayi gida a ƙauyen Sérignan, da wani fili mai tsakuwa da ƙaya wanda bai fi eka biyu da rabi ba. Manomi ba zai so wannan fili ba, amma ƙwari suna sonsa. Ya kewaye shi da katanga, ya shuka itatuwa da furanni da 'yan kayan lambu, ya zauna yana kallo.

Tsutsa a cikin ƙwayar fis

Akwai wani irin wake da Turawa ke shukawa, ƙwayarsa kore ce mulmulalliya, a na kiransa fis. Yana da ƙwaronsa, ɗan'uwan ƙwaron waken ƙasarmu. Fabar ya shuka fis a lambunsa da gangan don ƙwaron ya zo. Cikin watan Mayu, da shukar ta yi fure, sai ga su sun iso.

Ya ga uwar ƙwaron tana yawo a bayan ɗanyen kwanso, tana manna 'yan ƙwayaye rawaya nan da can. Ya ƙirga ƙwan da ke bayan kwanso, ya fasa ya ƙirga ƙwayoyin fis da ke ciki. Kullum ƙwai ya fi yawa nesa. Sau da yawa ƙwayar fis guda tana da masu jiranta biyar ko fiye. Amma in fis ya bushe, ƙwaro ɗaya tak ke fita daga kowace ƙwaya. To, ina sauran su ke zuwa?

Ya ɗauki madubi mai ƙara girman abu ya bi su. Da ƙwai ya fashe, 'yar tsutsa fara ta kan fito, ƙanƙanuwa ƙwarai, ta huda kwanso ta shiga, ta hau ƙwayar fis ta fara haƙa. Abin da ya fara lura da shi shi ne, tsutsotsin ba su shiga ta gindin ƙwaya, inda ta ke manne da kwanso, watau wajen da tsiro ke kwance. Ta sama su ke hudawa. Don haka ne fis ɗin da ƙwaro ya ci ya kan tsiro in an shuka shi, ko da ya ke ba ya yin ƙarfi kamar lafiyayye.

Sa'an nan ya riƙa tsaga ƙwayoyin kowace rana yana duba abin da ke gudana a ciki. Ya ga kowace tsutsa tana haƙa nata rami, ba mai taɓa wata, ba faɗa, ba cizo. Amma dukansu wuri guda suka nufa, watau tsakiyar ƙwaya. Wadda ta riga isa can ta kan zauna ta yi ta ci tana ƙiba. Sauran kuwa, da an riga su, sai su daina haƙa, su tsaya inda su ke har su mutu. Fabar ya yi tunani a kan abin da ya sa su ke son tsakiya. A ganinsa, can ne ya fi taushi, shi ne kuma ke daɗewa bai taurare ba, don haka ya fi dacewa da jaririyar tsutsa, kamar yadda kunu ya fi tuwo dacewa da jariri. Ƙwayar fis kuwa ba ta isa ta ci da biyu.

Don ya tabbata, ya duba wani wake mai manyan ƙwayoyi wanda ƙwaron nan ke ci. A cikinsa ya tarar da tsutsotsi da dama sun girma tare, kowace da ɗakinta, gama abinci ya wadata.

Ya ga wani abin mamaki kuma. In tsutsa ta ƙoshi, kafin ta kwanta ta rikiɗa, ta kan haƙa hanya har bakin fatar ƙwaya, ta bar fatar kaɗai kamar murfi. Dalili kuwa, in ta zama ƙwaro ba za ta iya huda busasshiyar ƙwaya ba. Ran fita sai ƙwaron ya ture murfin nan ya yi tafiyarsa. Ita ce ƙofar nan kewayayya da ku ke gani a jikin wake. Ashe ƙofar fita ce. Ta shiga ƙanƙanuwa ce, da ƙyar ido ke ganinta.

Daga baya aka aiko masa da wani busasshen wake wanda wani ƙwaro dabam ya cinye. Ya saki ƙwarin nan a kan ɗanyar shukar wake a lambunsa, suka tashi suka bar ta. Da ya zuba su cikin kwalba tare da busasshen wake, nan da nan suka yi ƙwai, tsutsotsi suka shiga, wani lokaci har ashirin cikin ƙwaya guda. 'Ya'yansu kuma suka sake yin ƙwai a kan waken nan, har ya koma gari. Ƙwarin nan biyu dangin juna ne, amma na fis a gona kaɗai ya ke ɓarna, wannan kuwa har cikin ma'aji. Manomin da bai san bambancinsu ba zai yi tsaro inda ɓarawo ba ya bi.

Tsutsar kabeji

Da ya tsufa ƙwarai ya juya kan wani farin malam-buɗe-littafi wanda tsutsarsa ke cinye kabeji. Uwar ta kan jera ƙwai rawaya a jikin ganye, yawanci ta ƙarƙashi. In tsutsotsi sun fito, abin da su ke fara ci shi ne ɓawon ƙwan da suka fito ciki, sa'an nan su faɗa wa ganye.

Fabar ya tambayi kansa, kafin mutane su fara shuka kabeji, me tsutsar nan ta ke ci? Ya tsinko ganyayen ciyayin daji iri iri ya ba ta. Duk wanda ya ke dangin kabeji ne ta ci, ta girma lafiya. Da ya ba ta latas da ganyen wake da na fis, ta ƙi taɓawa, ta gwammace yunwa. Ya lura kuma tsutsa ba ta iya tafiya nesa neman abinci. Uwar ce ke zaɓa mata shuka tun wurin yin ƙwai, ba ta kuwa kuskure, ko da ya ke ita kanta ruwan fure ta ke sha, ba ta cin ganye. Mutum sai ya yi karatu kafin ya san dangin tsire-tsire. Ita kuwa haka Allah ya halicce ta da saninsu.

Yadda ta ke ganewa, wannan Fabar bai kai ga warware shi ba. Waɗanda suka bi sawunsa ne suka gano. Cikin 1910 wani masani a ƙasar Holan, mai suna Verschaffelt, ya nuna akwai wani abu mai yaji-yaji cikin ganyen kabeji da danginsa. Da ya shafa abin nan a kan ganyen da tsutsar ta saba ƙi, sai ta ci. Daga baya kuma aka gane malam-buɗe-littafi da ƙafafunsa ya ke ɗanɗano. In uwar ta sauka kan ganye, ta kan taɓa shi da ƙafa ta ji ko shi ne, kafin ta yi ƙwai.

Kada ku zaci Fabar bai taɓa kuskure ba. Akwai wani ɗan ƙaramin zanzaro mai kashe tsutsar kabeji. Fabar ya ce a cikin ƙwan malam-buɗe-littafi ya ke sa nasa ƙwai, amma masana sun tabbatar a jikin jaririyar tsutsa ya ke sawa. Da irin hanyarsa aka gyara masa, watau da zama a duba.

Ƙarshen rayuwarsa

Abin da ya gani duka ya rubuta cikin manyan littattafai goma, na farko ya fito cikin 1879, na goma cikin 1907. A ciki akwai labarin buzuzu, da gyare, da ƙoƙi-ƙoƙi, da kunama, da gizo-gizo. Ya rubuta su da sauƙin magana yadda yaro zai fahimta. Tun da daɗewa babban masanin nan na Ingila, Darwin, ya yabe shi saboda iya lura. Amma littattafan ba su kawo masa kuɗi da wuri ba, ya tsufa cikin rashi. Ya sha baƙin ciki kuma, gama ɗansa Jules, wanda ya fi taimakonsa wajen aikin ƙwari, ya rasu cikin 1877 yana da shekara 16.

Sai cikin 1910 abokansa suka shirya masa taron girmamawa, sunansa ya bazu, aka shiga sayen littattafansa, aka juya su cikin harsuna da yawa. Cikin 1913 Shugaban Ƙasar Faransa da kansa ya zo ƙauyen ya gaishe shi. Fabar ya rasu ran 11 ga Oktoba, 1915, yana da shekara 91. Gidansa da lambunsa suna nan an adana su, mutane suna zuwa kallo, har da ɗan teburin da ya ke rubutu a kai.

Abin da ya shafe mu

Fabar bai taɓa zuwa ƙasarmu ba, amma abin da ya nuna yana nan cikin gonakinmu. Uwa ce ke zaɓen shuka, tsutsa kuma ta zaɓi wurin da za ta ci a jikin shukar. Ku dubi tsutsar da ke huda karan dawa da masara. Uwarta mai yawon dare ce, ta kan ɓoye ƙwai tsakanin kara da gindin ganyen da ya rungume shi. In tsutsotsi sun fito su kan hau can sama, su shiga inda sabon ganye ke nannaɗe, don nan ya fi taushi. Sai sun yi ƙarfi su ke huda kara. Da rani kuwa su kan kwanta cikin busasshen kara su jira damina. Saboda haka malaman gona ke cewa a duba kan shuka tun tana ƙarama, a sa magani a nan kafin tsutsa ta shige kara, inda magani ba ya kai mata. Baƙuwar tsutsar nan ta masara, wadda aka fara gani a Afirka ta Yamma cikin 2016, ita ma cikin nannaɗaɗɗen ganyen nan ta ke ɓuya.

Ƙwaron wakenmu kuwa halinsa irin na wancan na biyu ne. Tun daga gona ya ke biyo wake, ya yi ta haihuwa a rumbu. Shi ya sa a ke shanya wake ya bushe sarai, a gauraya shi da toka ko yashi, ko a ɗaure shi cikin abin da iska ba ta shiga, don tsutsar da ke ciki ta mutu.

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Fabar ba shi da dukiya, kayan aikinsa kuwa madubi ne da 'yar wuƙa da kwalabe. Ku ma kuna iya gwadawa. Ku sami ƙwayar wake goma waɗanda ke da ɗigon fari a jiki, wannan ɗigo shi ne ƙwai. Ku zuba su cikin kwalba, ku rufe bakinta da ƙyalle. Bayan kowane kwana uku ku tsaga ɗaya, ku rubuta abin da kuka gani, ku kawo wa malaminku.

Tambayoyi

1. A wace ƙasa aka haifi Fabar, cikin wace shekara?
2. Yaya ya koyi baƙaƙe?
3. Ina tsutsotsi ke nufa in sun shiga ƙwayar fis? Me ke samun waɗanda aka riga?
4. Wa ke zaɓa wa tsutsar kabeji shukar da za ta ci?
5. Don me ya kamata manomi ya duba kan dawarsa tun tana ƙarama?